Ranar Da Na Sha Ƙasa a Gaban Meme

Kafin in ce komai, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto min a ƙasan labarina tana cewa, "Nelago, ke ba kya jin tsoro ne, kina mace kina faɗowa daga jirgin sama?" 'Yar'uwa, ina ji. Ina tsoron Allah, ina tsoron ƙasa, daga su sai Meme. Kuma ranar Asabar ɗin da ta wuce, ƙasa da Meme wuri guda suka tsaya suna jirana.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ndinelago, amma ko a coci Nelago ake ce min. Shekarata ashirin da huɗu, ina zaune da mahaifiyata, wato Meme, a unguwar Mondesa, nan Swakopmund. Babana ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Shekara uku ke nan ina aikin ninke laimar saukowa daga jirgi a filin masu dira da ke bayan gari. Baƙi su faɗo daga sama suna ihu, su rungumi juna, su ɗauki hoto, ni kuwa ina durƙushe a rumfa ina warware igiyoyi, ina cusa yadi cikin jaka don wani ya sake goyawa. Laimar da ta bi ta hannuna ta fi dubu uku kafin in goya ko guda. Sai bana na ce, ai cibiyata kawai aka binne a ƙasa, ba ni gaba ɗaya ba. Na fara koyo. Na yi dira goma, kowacce da 'yar oba-oba maƙale a hular kwanona, malamata tana ƙasa tana gaya min, ja dama, saki, jira, jira, yanzu birki. A ta goma sha ɗaya ne za a cire oba-obar in sauko da hankalin kaina.

To, ga yadda bakina ya ja min.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, Eino ya zo cin abinci gidanmu. Eino shi ne wanda zan aura. Wata mai zuwa za a fara kiran sunanmu a coci, a kafa farar tuta a kan rufin gidanmu. A mahaƙar da ke hanyar Arandis yake aiki, shi ne mai bin ma'aikata yana duba wa ya sa hular kwano, wa bai ɗaure takalmi ba. Mutum ne da ko a ƙofar gidanmu da baya yake ajiye mota, wai ko da za a buƙaci fita da gaggawa. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya gyara mana rufin kicin, shi ke tuna ranar da maganin hawan jinin Meme zai ƙare, ni 'yarta ba na tunawa.

Meme ta ture keken ɗinkinta gefe, ta kwashe yadin odelela mai ratsin ja da take ɗinka wa matan da za su yi min rakiya, ta shimfiɗa ledar tebur mai zanen inabi. Oshifima ta tuƙa, tuwon geronmu, da kazar gida da miyar ganye. Eino na sanye da farar riga mai dogon hannu, karin guga kamar zai yanka mutum. Ya ci loma uku, ya ajiye hannu.

"Meme, ki yi mata magana mana."

"Wace maganar ce ban yi ba, ɗana? Bakina har ya gaji."

"Na ga hoton saukarta ta ranar nan," ya ce, yana ciro waya. "Dubi nan. Kamar an jefo buhun gero daga bayan mota."

"Iska ce ta yanke," na ce.

"Wancan makon ma iska ce."

"Wancan makon a tsaye na sauka!"

"Kika yi taku biyu kika zauna."

Meme ta karɓi wayar, ta nisantar da ita daga idonta, ta kalla har sau biyu. Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da abin ya zo min da sauƙi.

"Sau goma kin faɗo, sau nawa kika tsaya da ƙafarki?" ta tambaye ni.

"Huɗu."

"Uku," in ji Eino. "Ina rubutawa."

Jama'a, kun ji fa. Yana rubutawa! Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ture kwanona.

"To ku zo ranar Asabar ku gani da idonku. Ranar za a cire min oba-oba, babu mai gaya min komai. Idan ban sauka a kan ƙafafuna biyu ba, idan ko gwiwata ta taɓa ƙasa, na bar dira har abada. Idan kuma na tsaya, kada in sake jin bakin kowa."

Eino ya juya a hankali. "Meme, kin ji ko?"

"Na ji," ta ce, ta ci gaba da cin abincinta.

Babu wanda ya sa ni. Ina so ku riƙe wannan, don na san wasunku har sun fara zagin Eino. Ni na buɗe baki na faɗa, tun kafin in gama wanke kwanuka kuma na fara da-na-sani.

Malamata sunanta Lisbet, mutuniyar Rehoboth, duk filin Tannie muke ce mata, wato Gwaggo. Ta ba hamsin baya, gajeriya, fatarta duk rana ta ƙona, tana tafiya tana ɗingisa ƙafar hagu. Dirarta ta haura dubu shida. Faɗowa daga jirgi ba ya burge ta ko kaɗan. Takan ce, "Dutse ma in ka jefo shi zai faɗo. Ni sauka nake koyarwa."

Ranar Alhamis ta sa ni na yi ta zagaya filin da ƙafa, hannuwana a sama kamar ina riƙe da igiyoyin birki, ina faɗin tsayina da ƙarfi. Ƙafa dubu, in bi iska. Ƙafa ɗari shida, in ratsa ta. Ƙafa ɗari uku, in juyo in fuskance ta, daga nan kuma babu sauran juyi. Direbobin da ke wucewa a titi suna rage gudu suna kallon mahaukaciya. Da na gama ta ɗora ni kan durom, ta sa na yi ta dirowa ina haɗe ƙafafu da gwiwoyi, ina mirginawa ta gefe cikin tsakuwa.

"Tannie, wannan na goma sha biyu ke nan."

"Wa ya ce ki ƙirga? Hau."

"Ni fa ranar Asabar a tsaye zan sauka."

Ta tsaya ta kalle ni ta saman tabarau. "Wa ya gaya miki? Ke da iskar kuka yi shawara?"



"Zo nan, 'yata." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙugunta na hagu. Ta cikin wando na ji wani abu mai tauri. "Ƙarfe ne. Ina da shekara ashirin da shida na samo shi. Saura ƙafa ɗari in taɓa ƙasa na ga iska ta juya, na ce bari in juyo in fuskance ta in sauka da kyau, don akwai wani saurayi a bakin shinge yana kallona. Laima in kika juya ta, nutsewa take yi da ka. Kafin ta dawo saman kaina ƙasa ta riga ta iso. Wata bakwai ina kwance." Ta saki hannuna. "Saurayin ko sunansa ba na tunawa yanzu."

"To in iskar ta juya fa?"

"Ki bar ta ta juya. Laimarki ta zauna daidai bisa kanki, ki nufi inda babu abin karo, ki ja birki har ƙasa, ki haɗe ƙafa ki mirgina. Fuskantar iska ita ce ta ƙarshe, in ta samu a yi, in ba ta samu ba a haƙura. Za ki sha ƙasa, za a yi miki dariya, ki tashi ki kaɗe jikinki ki zo mu sha shayi. Hau durom."

Ban gaya mata alkawarin da na ɗauka ba. Na san da ta ji, ko ƙofar jirgi ba zan taɓa ba. Wannan laifina ne na biyu.

Ranar Juma'a da rana saƙon Eino ya shigo. "Na sayi man zafi da bandeji, ko da za a buƙata." Na rubuta masa, "Ka ajiye wa bakinka." Ya turo fuskar dariya, sannan bayan minti ɗaya ya ƙara, "Ba wasa nake ba, Nelago. Tunda kika fara abin nan duk Asabar ba na iya cin abinci sai kin kira." Na karanta na kife wayar. Irin wannan saƙon ya fi zagin ciwo, don ba ka da abin mayarwa.

Asabar da hantsi suka iso. Meme ta ci ado kamar za ta ɗaurin aure, doguwar odelela mai fuka-fukan kafaɗa, ɗankwali fari, baƙin takalmin coci, jaka a hammata da gorar oshikundu, kunun geronmu, a hannu. Kai tsaye rumfar ninki ta shigo. Ta sunkuya ta kama gefen wata laima da ke shimfiɗe, ta bi ɗinkin da babban yatsa, ta ja da ƙarfi, ta juya bayansa ta duba.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"A kamfani ake yi, Meme."

"Hm. Ba laifi." A bakin Meme wannan babban yabo ne.

Eino kuwa ya tare Tannie da tambayoyi. Yaushe aka duba laimar ko-ta-kwana, wa ya sa hannu, ina motar asibiti take tsayawa. Tannie ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har ta ce min a kunne, "Wannan naki da zai zo ya yi mana aiki, da na huta." Sannan ta duba maɗaurai na ƙirji da na cinya, ta duba agogon tsayin da ke hannuna, ta zare oba-obar daga hulata ta jefa a aljihunta.

Tun safe iskar gabas ke busowa daga hamada, mai ɗumi, ba ta da ƙarfi. A tsakiyar filin akwai sanda mai dogon buhu ruwan lemo, safa muke ce masa, shi ke nuna inda iska ta dosa. Jelarsa na kallon teku. Ke nan gabas za mu fuskanta mu sauka, wato wajen shingen da 'yan kallo ke tsayawa. Tannie ta kalli sama, ta kalli agogo.

"Kun makara kaɗan. Wajen sha biyu iskar teku kan shigo. Ki sa ido."

Zancen jirgi ba zan ja shi ba. Mu shida a zaune a ƙasa, gwiwar wani a bayan wani, ƙarar inji, warin mai. Aka buɗe ƙofa, sanyi ya mare ni, na fita. A ƙafa dubu biyar na ja, laima ta fizge ni ta buɗe. Na ɗaga kai na duba ta, kusurwa huɗu, igiyoyi a miƙe. Na zare birki, na juya dama, na juya hagu, na ja duka biyun na ji ta tsaya, na saki.

Sai shiru. Sau goma a daidai nan muryar Tannie ke shigowa kunnena tana cewa, "Barka da zuwa, 'yata, ina ganinki." Yau babu kowa sai kaɗawar yadi. Na ji kewarta kamar mun shekara ba mu haɗu ba. Sai na kama yi wa kaina magana da irin muryarta, har da tsakinta.

Ƙafa dubu, na bi iska. Na leƙa safa, tana nan tana kallon teku, sai dai ta ɗan saki jiki. Ƙafa ɗari shida, na ratsa. Ƙafa ɗari uku, na juyo gabas, na saki birki duka, na miƙe. Komai daidai. Can gabana na hango shinge, na hango ɗigon ja da ɗigon fari, Meme da Eino. Har na fara shirya irin tafiyar da zan yi in na sauka, laima a kafaɗa, ba zan ma kalli Eino ba.

Ina wajen ƙafa ɗari biyu safar ta faɗi ta manne da sanda. Kafin in ƙifta ido ta sake cika, jelarta ta koma kallon hamada.

Iskar teku ta shigo, kuma a bayana take.

Nan take na ga ƙasa ta ƙara gudu a ƙarƙashina. Duwatsun da ɗazu ke tahowa a hankali suka fara wucewa kamar ina cikin tasi. Na san da wannan gudun babu yadda za a yi in tsaya da ƙafa, ko Tannie sai ta yi da gaske, balle ni mai dira goma. Tsoron ciwo bai zo min ba a lokacin. Teburin Meme na gani, da Eino yana cewa "kin ji ko?", da ni durƙushe a rumfa ina ninke wa wasu laima har tsufana.

Ba zan ɓoye muku ba, hannuna na dama ya fara sauka. Wata murya a kaina tana cewa, juyi ɗaya ne kawai, ki ja da ƙarfi ki fuskanci teku, akwai sauran wuri, za ki sauka kamar sarauniya. Laimar har ta fara karkata, na ji nauyina ya koma gefe guda. Sai tafin hannun nan nawa ya tuna abin da ya taɓa ranar Alhamis, taurin ƙarfen nan a ƙugun Tannie.

Na mayar da hannun sama. Laimar ta dawo daidai bisa kaina.

Kuka na fara tun ban taɓa ƙasa ba, don na san abin da na zaɓa. Na duba gabana, fili ne fetal, shingen da sauran nisa. Na haɗe ƙafafu, na haɗe gwiwoyi. Jira. Jira. Na ja birki biyun har ƙasan cinyoyina na riƙe.

Ƙafafuna suka taɓa, ƙasa ta fizge su. Na faɗi ta gefe, na mirgina, na sake mirginawa, laima ta wuce ta gabana ta ja ni a kan tsakuwa kamar taku goma kafin in janyo igiya ɗaya ta mutu. Ƙura ta tashi. Bakina cike da yashi, rigar dirata ta yage a gwiwar hannu, takalmi ɗaya ya fita. Da na ɗaga kai, ban fi taku ashirin da shinge ba. A gaban Meme sosai na zube, ko da kuɗi aka ce in zaɓi wuri ba zan samu wanda ya fi wannan kusa ba.

Na motsa yatsun ƙafa, na motsa wuya. Babu abin da ya karye. Na miƙe tsaye.

Tannie ce ta fara isowa, tana ɗingishi da gudu. Ta kama hulata da hannu biyu ta girgiza ni.

"Na ga hannun nan! Na gan shi ya sauka! Sannan na ga ya koma." "Yau kin zama 'yar sama, 'yata. Kawo littafin dirarki in sa hannu."

Eino ya tsallako shinge, abin da ban taɓa zaton zai yi ba, mutumin da ko layin fenti ba ya takawa. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya duba hannuna, ya duba idona, ya ce in bi yatsansa da kallo. Da ya tabbatar lafiyata ƙalau, ya sauke numfashi.

"Shi ke nan. An gama. Kin faɗi, Nelago, kowa ya gani."

"An gama me?" in ji Tannie.

"Ta yi alkawari gaban mahaifiyarta. In gwiwarta ta taɓa ƙasa yau, ta bar dira."

Ban taɓa ganin fuskar Tannie haka ba. Ta juyo kaina a hankali.

"Da wannan a kanki kika hau jirgina?"

Na sunkuyar da kai.

"Za mu yi magana ni da ke, kuma ba za ki ji daɗinta ba." Ta koma kan Eino. "Kai kuma, mai hular kwano, a wurin aikinku haka kuke yi? Ku ce wa mutum in ya taka birki an kore shi? Ka san abin da ake yi don a sauka a tsaye in iska ta juya a wannan tsayin? Juyawa ake yi. Da ta juya, da yanzu ba bandeji ake nema ba, bargo ake nema a rufe ta."

"Ni ban sa ta ba," Eino ya ce a hankali.

"Ka hana ta?"

Meme na bakin shinge, ba ta tsallako ba. Hannunta biyu na riƙe da gorar oshikundu, ta ƙanƙame ta a ƙirji.

Muka koma Mondesa. Eino ya sauke mu, ya miƙo ledar magani ta taga, ya ja mota. Ko da baya bai tsaya gyarawa ba.

Meme ta cire takalmin coci, ta dafa ruwa, ta zuba gishiri. Ta zaunar da ni a kan kujerar keken ɗinki ta kama gwiwar hannuna tana cire tsakuwa ɗaya-ɗaya da hantsakin zare. Ina cije leɓe.

"Matar nan gaskiya ta faɗa? Da kin juya za ki iya sauka a tsaye?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma..."

"Na ji wannan. Kin san ina kallo?"

"Na hango ki tun daga sama."

"Kin tuna abin da kika faɗa a teburin nan?"

"Shi kaɗai nake tunawa, Meme."

"Amma kika zaɓi ki faɗi."

"Eh."

Ta matse tsumma.

"Ban taɓa gaya miki yadda babanki ya rasu ba. Hatsari a hanyar Walvis, iyakar abin da kika sani ke nan. Wata mata da ta fita da rai ita ta zo har gida ta ba ni labari. Hazon teku ya rufe hanya, yana bin bayan wata babbar mota a hankali da tasinsa. Sai wani fasinja ya ce masa, Tate, wato Baba, in tsoro kake ji ka sauka in tuƙa. Aka yi dariya a motar. Shi ke nan. Ya fita zai wuce." Ta ɗora tsumman a ciwona, na zabura, ba ta sassauta ba. "Mutumin kirki ne, amma ba ya iya ɗaukar dariyar mutane. Ke kuma shi kika ɗauko tas, har yadda kunnenki ke ja. Ranar Lahadi da kika ture kwano, muryarsa na ji. Ni ba jirgin nake tsoro ba, Nelago. Tun farko wannan halin nake tsoro."

Hawaye suka zubo min.

"Na ce na ji, don ina so ki bari. Ban san da bakina na zama fasinjan nan ba, sai da matar nan ta yi magana." Ta share hancinta da gefen ɗankwali. "Yau na ga an yi miki dariya, kin tashi kina neman takalminki. Shekara goma sha uku ina roƙon Allah ya nuna min wannan."

Na faɗa jikinta da yashina da komai, na ɓata mata odelelar. Jama'a, ni dai ban san da wane baki zan gode ba. Na gode wa Allah da ya mayar min da hannun nan sama. Na gode wa Tannie da duk durom ɗin da ta sa na hau ina gunaguni, ko da yake har yanzu ban san irin wankin da za ta yi min ranar Litinin ba. Na gode wa matar nan da ta haife ni, wadda na ɗauka ba ta fahimce ni ba, ashe ta fi ni sanin kaina.

Muna haka wayata ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Eino ne.

"Muna hanya da Tatekulu Amutenya. Alkawari ke kika ɗauka, ba ni na sa ki ba. Abin da na gani yau ba zan iya sake gani ba. Ina son ki da ranki. Ki zaɓa kafin a kira sunanmu a coci."

Tatekulu Amutenya kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, shi ne mai maganar aurensa gaba ɗaya. Ba ya taka gidan mutane don shan shayi. Na miƙa wa Meme wayar, ta nisantar da ita, ta karanta tana motsa leɓe.

"Me zan ce musu, Meme? Gaskiyarsa ce, ni na faɗa."

"Ke kin yi naki yau. Shiga ɗaki ki sa hannun nan a ruwa."

Ta kaɗe yashin da na shafa mata, ta sake ɗaura ɗankwali, ta mayar da takalmin coci. Ta jawo kujeru biyu na baƙi ta ajiye a gaban teburin. Ina bayan labule na ji tsayuwar mota, na ji an rufe ƙofa biyu, na ji gyaran muryar dattijo. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen arewa da ruwan bana da shanu.

Sannan Meme ta ce, da muryar da take yi wa masu kawo ɗinki a makare:

"Tatekulu, sannunku da zuwa, ga wuri. Amma kafin ku zauna, gara ku ji daga bakina. Alkawarin nan a kan teburina aka yi shi, ni ce shaida, kuma na warware shi. Yarinyar nan ranar Asabar za ta hau jirgi, ni zan raka ta. Wanda zai iya zama a kan haka, ga kujera."

Na toshe bakina da hannu. Gidan ya yi tsit, har ina jin rediyon maƙwabta.

Sai na ji an ja kujera. Guda ɗaya. Ko Eino ne ya zauna ko Tatekulu, labule bai bar ni na gani ba.